Kwana Biyu a Eleko Tare da Kawu

Shekarata goma sha tara ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, amma duk sanin da na yi wa ruwan Ikko bai wuce wanda nake hangowa ta tagar mota ba idan muna kan gadar Third Mainland. Shi ɗin ma ashe ba teku ba ne. Kawu ne ya tona mini asiri. Ya zo daga Argungu aka yi masa aikin ido, da ya warware likita ya ce ya ƙara 'yan makonni kafin ya kama hanyar gida. Wata safiya muna shan kunu ya ce, "Ɗana, kai ni in ga teku. Ba ni komawa gida a tambaye ni in yi shiru."

Kawu ya gaji sana'ar su tun kaka da kakanni. Tun yana saurayi yake faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora ranar gasar kamun kifi, sai da gwiwa ta ƙi sannan ya haƙura. Mutum irin wannan ba a ce masa sai wata rana.

Wani dattijo a layinmu ya ce mu je Bar Beach, yara suka kwashe da dariya. An daɗe da cike wurin da yashi, yanzu unguwar Eko Atlantic ce a kai. Direban da ke ɗaukar mana kaya ya ce in Kawu masunta yake son gani, ba 'yan rawa ba, to mu nufi Eleko da ke ƙaramar hukumar Ibeju-Lekki. Na bar wa ƙanena rumfa, na kwashi Kawu da maiɗakina da yara biyu, muka fita bayan asuba a tsakiyar watan Janairu, lokacin da 'yan hutun Kirsimeti sun watse kuma kuɗin ɗaki ya sauko.

Hanyar ba ta da labari sai gosulo. Mun sha shi a Ajah, muka ƙara a Sangotedo. Daga Awoyaya zuwa Bogije kuwa tankoki ne da tireloli hanci da gindi, masu zuwa matatar man Dangote da aka buɗe a 2023 da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki. A mararrabar Eleko muka karya dama, iska ta canja, ƙamshin gishiri da hayaƙin banda suka shigo motar.

Kafin mu taka yashi sai ga igiya a gicciye da samari huɗu. Kuɗin shiga da kai da kai, kuɗin ajiye mota daban, kuɗin kular abincin da muka taho da ita daban. Na biya ina ƙunƙuni. Kawu ya tambayi na mene ne, na gaya masa. Ya gyara baƙin tabaransa ya ce, "Su suka gina ruwan?"

Da muka haura tudun yashin sai ya daina magana. Ni ma haka. Ruwa ne ba tsallake, ba tsibiri, ya tafi har ya shige cikin hazon hunturu, kuma ba ya kwanciya ko na ƙiftawar ido. Igiyar ruwa takan taso kamar katanga, ta faɗi da ƙara, ta shimfiɗo kumfa har ƙafarka, sannan ta janye yashin da kake tsaye a kai. Kawu ya tsuguna ya ɗebo da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce Allahu Akbar sau uku. Ana cikin haka ruwan ya ɗauke silifa ɗaya na ƙaramar 'yata, ta yi ta kuka kamar an yi mutuwa.

Eleko gari biyu ne a wuri ɗaya. Gefen da aka kai mu rumfuna ne na ganyen kwakwa a jere, ana hayar su da kujeru, kowace da lasifikarta, ga masu tallan kwakwa da gasasshen kifi. Masu dawakin haya kuwa yawancinsu 'yan uwanmu ne. Wani yaro ɗan Zamfara da ya ji Hausarmu ya ɗora yaran a doki ya zagaya da su, da ƙyar ya karɓi rabin kuɗi. Shi ne ya nuna mana gabas ya ce, "Baba, in masu ruwan kuke nema, sai kun wuce inda kiɗa ya ƙare."

Ɗakin da muka kama ba zan yabe shi ba. Ruwan famfo da gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa, ƙarfen taga duk tsatsa ta cinye, janareta kuma ya mutu tsakar dare. Amma da kiɗa ya mutu tare da shi sai muka ji rugugin teku tsantsa har gari ya waye. Da asuba Kawu ya ce da ruwan teku zai yi alwala, tunda Manzon Allah (SAW) ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal. Muka yi salla a kan yashi, teku na hannun damanmu.

Daga nan muka taka zuwa ɗaya garin. Jirage ne manya a kwance a kan gungumen kwakwa, kowanne an fafe gindinsa daga itace guda aka ƙara masa katako, an yi masa fenti da rubuce-rubuce, da injin Yamaha a ɗaure a gefe. Masuntan akwai Yarbawan wurin, akwai mutanen Gana da suka daɗe a wannan gaɓa har suka hayayyafa. Mun tarar ana jan taru. Jirgi ya riga ya kai shi can ciki ya zagayo, mutane sun yi layi biyu a kan igiya, suna waƙa suna ja da baya taku ɗaya-ɗaya, na ƙarshe ya saki ya dawo gaba. Kawu bai nemi izinin kowa ba, ya naɗe hannun riga ya kama. Na ce, "Kawu, idonka fa!" Ya ce da hannu ake ja.

Sun fi awa biyu suna ja. Da jakar tarun ta fito, mata suka yanyame ta da robobi. Abin da ke ciki ya ba ni tausayi: ƙananan kifi masu sheƙi, 'yan ƙaguwa, jatan lande kaɗan, sauran kuwa ledar fiya wata ce da robar lemo da takalma. Na duba ko silifan 'yata na ciki, babu. Duk wanda ya taɓa igiya an ba shi nasa kason, Kawu ma aka zuba masa biyar a leda. Yadda ya riƙe ledar nan, ko ranar da ya fito da giwan ruwa a Argungu ban jin ya fi haka taƙama.

Sauran yinin a gindin wani jirgi ya yi shi, tare da wani tsoho mai gyaran taru. Kawu ba ya jin Yarbanci ko burokin, tsohon ba ya jin Hausa. Ya zuba wa hannun tsohon ido, can sai ya miƙa nasa. Tsohon ya ba shi allurar roba mai zare a ciki. Kawu ya maƙale tarun a babban yatsan ƙafa, ya auna ido da yatsu biyu, ya zura, ya zagayo, ya ja ƙulli. Tsohon ya ja da ƙarfi ya ga bai zame ba, ya kwashe da dariya ya kira 'ya'yansa su gani. Ƙullin ɗaya ne da na gida.

Ni na yi tafinta da ɗan burokin ɗina. Tsohon ya nuna wajen rumfunan hayar ya ce da can nan suke shanya taru, ya nuna bayan gari ya ce nan kurmin kwakwa ne. Yanzu filaye ne da aka kewaye da bulo, kowanne da allon kamfani, ga kuma babban titin gaɓar teku da aka fara a 2024, wanda aka ce zai yi kusan kilomita 700 zuwa Kalaba, ya biyo ta yankinsu. Jikokinsa biyu suna aikin ɗaukar oda a rumfunan, kuma ya ce ranar Lahadi ɗaya takan ba su abin da taru bai bayarwa a mako. Ban ga laifinsu ba. Ni ma gonar ubana na baro na zo Ikko.

Ranar komawa maiɗakina ta sayi banda mai zafi daga kan ganga, ta yi ciniki da yatsu har matar ta ƙara mata gyara. Kawu kuwa ya sa na wanke jarkar man gyaɗa ya cika ta da ruwan teku, wai mutanen unguwa sai sun ɗanɗana da bakinsu. Murfin bai rufu sosai ba. Tun daga Lakowe muke jin yana tsiyaya a but, kuma duk ramin da muka faɗa sai Kawu ya waiwaya ya ce wa direba ya bi a hankali.