Jika 2 da ake cirewa a albashinka ba ta sayen maganin zazzaɓi

Ɗauki takardar albashin mai gadin da ke tsaye ƙofar wani babban kamfani a Maraɗi, in dai ana ba shi takardar. A sama an rubuta 42,000, wato mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya ma'aikaci a Nijar tun 1 ga Janairun 2024. Kafin nan 30,047 ne, tun 2012. Ƙasa kaɗan akwai layin CNSS, wato Kes, asusun ma'aikata na ƙasa, an cire 2,205. Da yawa daga cikin masu irin wannan takarda sun ɗauka wannan kuɗin shi ne inshorar lafiyarsu. Ba sa gane kuskuren sai ranar da zazzaɓin damina ya kwantar da mai ɗakinsu. Mutum ya miƙa katin Kes ta tagar mai karɓar kuɗi a asibiti, a juya katin gaba da baya, a turo masa abinsa a ce, "Malam, wannan ba ya aiki nan."

Mai karɓar kuɗin bai zalunce shi ba. Kes rassa uku gare ta: tallafin iyali da haihuwa, hatsarin aiki da cutar da aiki ya jawo, sai fansho. Babu reshen rashin lafiya na yau da kullum. Kashi 5.25 cikin 100 da ake cire wa ma'aikaci duk na fansho ne. Mai kamfani kuma yana zuba kashi 16.4 daga aljihunsa: 8.4 na iyali, 1.75 na hatsari, 6.25 na fansho. A kan albashin jika 42, nasa ya kama 6,888. In ka haɗa da na ma'aikaci, 9,093 ke shiga Kes kowane wata da sunan mutum ɗaya, kuma ko dala ba a ware wa zazzaɓi, hawan jini, ciwon sukari ko gyambon ciki ba. Kes na da cibiyoyin kiwon lafiya nata inda ake duba ma'aikata da iyalansu, musamman mata masu ciki da yara, amma wannan daban yake da inshorar da za ta biya maka kuɗin gado da magani duk inda ka kwanta.

A Amurka an daɗe ana cece-kuce kan wani abu mai kama da wannan, sai dai ta wata fuska. Can akwai inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, Medicaid, tun 1965. A 2020 ofishin bincike na majalisar dokokinsu, GAO, ya fitar da rahoto cewa manya kusan miliyan 12 masu aikin albashi suna cikin Medicaid, kuma wajen kashi 70 cikin 100 nasu cikakken aiki suke yi, ba na ɗan lokaci ba. A jihohin da suka ba da alƙaluma, Walmart da McDonald's na sahun gaba wajen yawan ma'aikatan da ke cikin shirin. Dalilin a fili yake. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dalar Amurka 7.25 ne a awa tun 2009. Dokar lafiya ta 2010 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya tanadi inshora, amma ga mai yin awa 30 ko fiye a mako kawai, kuma ko an tanada ma'aikaci na biyan kasonsa. Wanda aka riƙe ƙasa da awa 30, ko wanda albashinsa bai kai ya biya kason ba, sai ya koma ga gwamnati. Masu suka na cewa jama'a ne ke cike wa manyan kamfanoni giɓin albashi da harajinsu.

A wurinmu ma akwai mai cike giɓin, amma ba gwamnati ba ce. Tunkiyar mai ɗaki ce da ake kaiwa kasuwa, da wan da ke Kano ko Agadas, da mai shagon unguwa da ke rubuta bashi. Shi ya sa nake ganin wajibi ne ƙaramin ma'aikaci ya san ƙofofin da ke buɗe masa tun yana da lafiya.

Ta farko, ka tabbatar ma kana cikin Kes. Girman ginin da kake gadi ko shara ba hujja ba ne. Manyan kamfanoni da yawa ba su ne ke ɗaukar masu gadi, masu shara, masu lodi da direbobi kai tsaye ba. Wani ƙaramin kamfani ake ba kwangilar ya kawo mutane. A idon doka mai gidanka shi ne wanda sunansa ke kan takardar ɗaukar aikinka, ba wanda sunansa ke rubuce a bango ba. Ka ɗauki katin shaidarka ka je ofishin CNSS na Maraɗi, ka nemi lambarka, ka ce a nuna maka watannin da aka zuba da sunanka. Abu uku ne ke yawan fitowa. Ko dai ba a taɓa rubuta ka ba. Ko an rubuta ka, ana cire kuɗin a takarda, amma ba a kai wa Kes. Ko kuma ana kaiwa a kan albashin da bai kai wanda kake karɓa ba, abin da zai rage diyyarka ranar hatsari da fanshonka ranar tsufa. Na biyun ya fi ciwo, don mutum na ganin an cire kowane wata, hankalinsa kwance. Kowanne ka tarar, wurin wakilan ma'aikata za ka fara, in bai yi ba sai ofishin sufeton aiki. Ka riƙa adana takardun albashi a leda, ko da sun yi shekara goma, don su ne shaidarka in kamfanin kwangilar ya rushe ko ya sauya suna.

Inda rajistar ta fi amfani ta fuskar lafiya shi ne hatsarin aiki, kuma nan ne aka fi asara saboda rashin sani. In buhu ya faɗo maka a wurin lodi, ko inji ya kama yatsa, ko ka faɗi da babur a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida, Kes ce ke ɗaukar kuɗin magani, ta kuma biya kuɗin kwanakin da ba ka yi aiki ba. In nakasa ta zauna akwai diyya. Amma sai an bi ƙa'ida. Ka sanar da mai gidan aiki nan take, ka riƙe sunan mutum biyu da suka gani. Shi kuma yana da awa 48 ya kai rahoto. Ka je asibiti ranar, likita ya rubuta takardar farko da ke bayyana raunin da ranar da ya faru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a wuce da mutum wurin mai ɗori a unguwa, a naɗe ƙafa da kara da tsumma, sai bayan mako uku da ta kumbura a tuna da asibiti. A lokacin babu takardar da ta haɗa karayar da aikin, kuma shugaban wurin na iya cewa bai san zancen ba. Kuskure na biyu shi ne karɓar jika 10 ko 20 a hannu, "je ka yi magani, kada a tsawaita zance." Kuɗin zai ƙare cikin mako, ƙafar kuma taka ce har abada. In mai gidan aiki ya ƙi kai rahoto, kai da kanka ko iyalinka kuna iya kai shi Kes.

Tallafin iyali shi ma takarda yake ci. Sai da takardar aure da ta haihuwar kowane yaro. Aure dubu nawa aka ɗaura a masallaci ba a je ma'aikatar magajin gari ba? In lokacin yin takardar ya wuce, sai an bi ta kotu, don haka gara a fara da wuri. Kuɗin ciki kuma sai mace ta yi awon da aka ƙayyade, an buga mata hatimi a katinta. Ma'aikaciya da ke da rajista tana da hutun haihuwa na mako 14.

Ƙofa ta biyu ta gwamnati ce, kuma ba ruwanta da inda kake aiki. Tun wajen 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, haka awon ciki da tiyatar haihuwa da tsarin iyali. Daga 1 ga Satumban 2024 kuma an rage rabin kuɗin ganin likita, kwanciya, gwaje-gwaje, hoto da tiyata, aka mai da haihuwa kyauta, aka soke jika 150 da ake biya kafin fara wankin ƙoda. Wannan sauƙi ne na gaske ga mai jika 42, ba na raina shi. Sai dai ragi daban, inshora daban. Rabin kuɗin tiyata har yanzu yana iya fin albashin wata. Sannan tsarin kyautar ya sha fama da jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗinsu, kuma in kuɗi bai dawo ba magani ke yankewa a ɗakin ajiya. Sai a duba yaro kyauta, a miƙo wa uba ordonans ya nufi farmasi da kuɗinsa. Abin da ke rage wannan nauyi: a fara da CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa, maimakon a zarce babban asibitin jiha ba takardar turawa, a riƙe katin lafiyar yaro don shi ke nuna shekarunsa, a kuma roƙi likita ya rubuta magani da sunansa na asali, wanda ba na wani kamfani ba, don ya fi araha nesa ba kusa ba kuma aikinsu ɗaya. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi sun zo gida da damina, a tabbatar yaro ya shanye na kwana ukun duka, ba na ranar farko kaɗai ba.

Ƙofa ta uku ita ce ta mai gidan aiki, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta. Dokar aiki ta 25 ga Satumban 2012 ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya tanadar musu hidimar lafiya ta wurin aiki, kuma wurin da ma'aikatansa suka kai adadin da doka ta ƙayyade dole ya kafa kwamitin tsaro da lafiya. Rashin lafiyar da likita ya tabbatar a takarda tana dakatar da yarjejeniyar aiki ne, har zuwa wata 6, ba ta kashe ta. Kenan wanda ya kwanta ya aika da takardar likita ba a kore shi don ya kwanta. Wanda ya yi shiru a gida kwana goma yana shan jiƙo, shi ake rubuta wa ya gudu daga aiki.

Bayan wannan, manyan kamfanoni da yawa na sayen inshora ta rukuni daga kamfanonin inshora masu zaman kansu, galibi mai biyan kashi 80, ma'aikaci ya cika 20. Ma'aikatan ofis na da ita. Mai share ofishin, da yake ta hannun ɗan kwangila ya shigo, ba shi da ita, alhali shi ne ciwon mako ɗaya ke rusa wa gida. A ganina nan ya kamata wakilan ma'aikata da sandika su sa ƙarfinsu: duk kwangilar gadi ko shara da babban kamfani zai bayar, a rubuta a ciki cewa sai ɗan kwangila ya nuna shaidar zuba kuɗin Kes na kowane mutum da sunansa kafin a biya shi, a kuma sa kuɗin inshorar mutanen cikin farashin kwangilar. In an samu an kai ga teburin magana, ga abin da za a tambaya kafin a sa hannu. Nawa ne iyakar abin da za a biya wa gida ɗaya a shekara? Mata nawa da yara nawa aka yarda a rubuta? A Maraɗi wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, don in takardar ta ce mace ɗaya da yara huɗu, mai mata biyu ya shiga rigimar da ta fi ciwon. Waɗanne asibitoci da farmasi ne ke karɓar katin a cikin garin nan, ba a Yamai ba? Sannan katin ake nunawa a biya kashi 20 kawai, ko sai ka biya duka a mayar maka daga baya? In na biyun ne, ga mai jika 42 kusan daidai yake da babu, domin kuɗin farkon ne ba shi da shi.

Inda duk wannan bai samu ba tukuna, ma'aikata na iya kafa asusun lafiya nasu, kuma mutanen da suka saba da adashi ba sai an koya musu tara kuɗi ba. A ce mutum 100 ne, kowa jika 1 a wata, an samu jika 100 kenan. Abin da ke kashe irin wannan asusu sananne ne. In shiga ganin dama ce, masu ciwo ne kawai za su shiga, don haka a yi ƙoƙari kowa ya shiga, a cire kuɗin tun daga albashi. A sa wata uku na jira kafin sabon shiga ya fara amfana. A ƙayyade abin da ake biya, misali kwanciya asibiti da tiyata, da iyakar kuɗin kowane gida, don jika 100 ba za ta ɗauki kowane ciwon kai ba. A biya asibiti ko farmasi kai tsaye bisa rasit, kada a ba mutum kuɗi a hannu. Kuɗin ya zauna a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi gaban kowa duk wata uku. Kada a ranta wa kowa don suna ko biki, ko da shugaban asusun ne, domin daga ranar da aka buɗe wannan ƙofa ba ta rufuwa. Kuma a fara tarawa daga Nuwamba ko Disamba, bayan zazzaɓi ya lafa, yadda kafin Agusta da Satumba su zo da cikar gadajen asibiti, akwai kuɗin wata takwas ko tara a ajiye.