Hawan Dutsen Patti na Lakwaja da Ƙafa

Tsawon Dutsen Patti kusan mita 458 ne daga saman teku. Garin Lakwaja kuwa yana kwance a gindinsa, bakin kogi, don haka abin da ƙafa za ta hau bai fi mita 400 ba. Wanda ya saba da duwatsun Jos sai ya raina shi. Abin da ke karya mutane a nan zafin Lakwaja ne, mai haɗe da laima: gumi na zuba amma ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa. Shi ya sa muka kama hanya da an sallame asuba, gari na fara wayewa.

Akwai titin mota da ke nannaɗe dutsen har sama, shi muka bi. Tafiyar awa ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi ga mai matsakaicin ƙarfi. A kwanoni a riƙa bin gefen da ake hango abin da ke tahowa, domin masu babur kan gangaro da injin a kashe, ba a jin zuwansu. Tsakanin kwana da kwana akwai 'yar hanyar yanke ta cikin kurmi. Tana rage nisa, amma tsaye take, ga tsakuwar marmara ƙarƙashin busasshen ganye, mai mirginawa da an taka. Mun shiga ɗaya, kowa da sanda a hannu da dogon wando saboda ƙaya da maciji. Kafin ka dafa itace ka dube shi: jajayen tururuwa kan ɗinke ganye su yi gida a rassa, da an girgiza sai su zubo cikin wuyan riga.

Ruwa lita biyu kowane mutum, kuma a riƙa kurɓa duk minti goma sha biyar, kada a jira ƙishi. Gora ɗaya mun zuba mata ƙullin gishiri da sukari na kemis, domin gishirin da ke fita da gumi na cikin abin da ke sa sharaɓa ta ɗaure. Guzuri dabino da ƙuli-ƙuli sun isa. Kunun aya a bar shi a gida, kafin hantsi ya yi tsami.

Saman dutsen shimfiɗe yake, da faɗi. Akwai dogayen ƙarafan tashoshin rediyo da talabijin, da ɗan gidan hutun Gwamna Lugga (Lord Lugard), wanda a garin nan ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa ranar 1 ga Janairu, 1900. Ginin ƙarami ne, minti biyar ka gama da shi. Abin da ya cancanci wahalar yana ƙasa: kogin Binuwai ya taho daga gabas ya haɗu da kogin Kwara, ga tsibirai da yashi a tsakani, kwale-kwale kamar ƙwayar shinkafa. Cikin garin da ke ƙarƙashinka ne kabarin Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926 bayan Turawa sun kawo shi nan.

Lokaci ma abin lura ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe mahaɗar, ka sha hawa a banza. Tsakiyar damina kuma santsi. A ganina ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi: sama ta wanke, kogi cike, itatuwa kore shar.

Saukowa ta fi cin gwiwa, nan kuma aka fi faɗuwa. Mun ƙara ɗaure igiyar takalmi don kada yatsu su riƙa dukan gaba, muka bar hanyar yanke muka bi titi da gajeren taku. Silifa ko takalmin da ƙasansa ya suɗe ba na wannan tafiya ba ne. A je a ƙungiya, a tambayi mutanen gindin dutsen halin da hanya ke ciki, a kuma sauko kafin ƙarfe goma sha ɗaya.