Libarbar Colt ta 1851: yadda ake gane shekarunta da sahihancinta

Cikin tsofaffin makaman da nake bibiyar tarihinsu, babu wanda ya kai libarbar Colt ƙirar 1851, wadda aka fi sani da Navy, yawan jawo gardama tsakanin mai sayarwa da mai saye. Dalilin a fili yake. Bindiga ce da aka ƙera da yawa, aka kwaikwaye ta da yawa tun maƙerinta, Samuel Colt, yana raye, sannan a cikin jerin nata akwai 'yan ƙalilan da ba a cika samu ba, waɗanda kuɗinsu ya ninka na sauran. Duk wanda ya tsinci guda a akwatin kakansa, ko ya hango ta a kundin gwanjo, zuciyarsa takan raya masa cewa tasa tana cikin 'yan ƙalilan ɗin nan, kuma daga nan ne aiki yake farawa, domin a ganina tambayar ko bindiga tana da wuyar samu ita ce ta ƙarshe da ya kamata a yi, bayan an gama tabbatar da cewa dukkan sassanta labari ɗaya suke bayarwa.

Samuel Colt ya fara fitar da wannan ƙira a 1850 daga masana'antarsa ta Hartford a Amurka, kuma an ci gaba da yin ta har 1873, inda aka ƙera kimanin 215,000 a can, ga kuma wasu kimanin 42,000 da aka yi a reshen Landan a shekarun 1850. Bututunta mai fuska takwas ne, tsawonsa inci bakwai da rabi, gangarta mai juyawa kuma tana da ramuka shida. Ba ta cin harsashi irin na yanzu. Albarushi ake ɗurawa a kowane rami ta gaba, a danna ƙwallon dalma a kansa da wani hannun ƙarfe da ke maƙale a ƙarƙashin bututun, sannan a ɗora 'yar hular tagulla a bayan ramin, wadda ke tayar da wuta idan gudumar bindigar ta doke ta. Saboda wannan tsari, abu na farko da masana ke yi shi ne zura siririn kara cikin kowane rami don a auna zurfinsa, domin ana samun irin waɗannan bindigogi a ɗure bayan shekaru fiye da ɗari, kuma baƙin albarushi ba ya mutuwa don tsufa idan bai sha ruwa ba. Abu na biyu shi ne a kame hannu daga gogewa. Duhun da shekaru suka shimfiɗa a kan ƙarfe da tagulla hujja ce, kuma wanda ya sa takardar yashi ko man ƙyalli ya share hujjarsa da hannunsa, ya kuma rage wa kayan daraja.

Lambar bindiga ita ce ƙofar sanin shekara. Masana'antar Hartford ta bi jeri ɗaya daga lamba 1, kuma masu bincike sun daɗe da tsara jadawalin da ke nuna inda lambar ta kai a farkon kowace shekara. Misali, a farkon 1861, shekarar da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, lamba ta kai wajen 98,000. Sai dai akwai tarko a nan, domin reshen Landan ma daga 1 ya fara nasa jerin. Ke nan lamba 20,000 tana iya kasancewa a jikin bindigogi biyu na asali, ɗaya ta Hartford ɗaya ta Landan, kuma shekarunsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya buɗe jadawali kafin ya san inda aka ƙera tasa zai fito da shekarar da ba ita ba, yana kuma da yaƙinin cewa ya yi daidai.

Lambar ba wuri ɗaya take ba. Idan aka kifa bindigar, za a gan ta a jere a gindin bututu, da jikin bindigar, da ƙarfen da ke kewaye da kunama, wato makarin kunama, sannan a ƙarshen mariƙi. Tana jikin ganga, kuma ƙananan sassa kamar hannun ɗuri da ƙarfen da ke maƙale bututu da jiki sukan ɗauki lambobin ƙarshe kawai. Har a cikin katakon mariƙi, a kwarmin da ƙarfen baya ke kwanciya, akan tarar da ita rubuce da tawada. Dalilin wannan maimaici shi ne ma'aikata sukan daidaita sassan kowace bindiga da magagari kafin a raba su don yi musu launi, sai lambar ta taimaka a sake haɗa kowace da nata. A yau wannan ɗabi'a ta masana'anta ta zama babban makamin mai bincike. Bindigar da lambobinta suka saɓa tana iya zama tsohuwa ta gaskiya, domin sojoji da maƙera sun yi ta musanya sassa a lokacin yaƙi, amma darajarta ba ta kai ta wadda sassanta suka taso tare ba. Abin da ya fi damuna shi ne wadda lambobinta suka dace fiye da kima. Da hannu aka buga lambobin asali, ɗaya bayan ɗaya, saboda haka layinsu yakan ɗan karkace, amma siffarsu da girmansu iri ɗaya ne da na sauran bindigogin wannan zamani. Idan aka sa gilashin ƙara girma aka ga cewa wurin da lamba take ya ɗan lotsa, alamar an kankare wata an buga sabuwa ke nan. Haka kuma idan ƙarfen kewaye ya cika da ƙananan ramukan tsatsa amma cikin lambar sumul yake, to lambar ta zo ne bayan tsatsar.

Rubutun saman bututu shi ke faɗin gida. Na Landan yana cewa ADDRESS COL. COLT LONDON, na Hartford kuwa ya sauya sau da dama, wani lokaci da sunan New York, wani lokaci da sunan Hartford, kuma kowane salo yana da iyakar lambobin da yake tafiya da su, ta yadda rubutun ƙarshen zamani a kan lambar farkon zamani ya isa ya sa a tsaya. Colt ya kafa reshen Landan ne a unguwar Pimlico bayan kayansa sun yi suna a babban baje kolin duniya da aka yi a Landan a 1851, ya kuma samu ciniki daga gwamnatin Birtaniya a lokacin yaƙin Kirimiya, kafin ya rufe wurin bayan yaƙin ya ƙare a 1856. Galibin na Landan da baƙin ƙarfe aka yi musu makarin kunama da bayan mariƙi, inda galibin na Hartford suke da tagulla. Dokar Ingila ta wajabta gwada kowace bindiga kafin sayarwa, don haka na Landan suna ɗauke da tambarin gidan gwaji, wato kambi a kan V da kambi a kan GP, a gefen bututu da kuma tsakanin ramukan ganga. Amma tambarin shi kaɗai bai isa hujja ba, tunda bindigar Hartford da aka kai Ingila don sayarwa ita ma sai an buga mata shi.

Wurin da na fi daɗewa ina kallo shi ne ganga. A kewayenta akwai zanen yaƙin jiragen ruwa tsakanin rundunar Texas da ta Meziko a gaɓar Campeche da ke Meziko, aikin mai sassaƙa W. L. Ormsby, tare da rubutun ranar 16 ga Mayu 1843 a bakin gangar. Da wani faifan ƙarfe aka murza zanen, kuma bai shiga da zurfi ba, shi ya sa yake cikin abubuwan da suka fara gogewa idan bindiga ta sha shiga da fita daga kube. A bindigar da ta yi aiki, za ka ga jiragen sun dusashe, wani wuri sai ka karkata ta ga haske kafin ka gane filafilansu, gefen bututun da ke gogar fata ya ɗan yi laushi, bakin katakon mariƙi ya cinye, bayan ganga kuma ya yi ramuka saboda gishirin hular wuta. Wannan tsufa tare yake tafiya. Idan mariƙi ya tsufa tukuf, bayan ganga ya rarake, amma zanen jiragen yana nan raɗau kamar jiya aka yi shi, to wani ya sake sassaƙa shi, kuma layin da aka yanka da hannu yakan bambanta da wanda aka murza, domin murzawa tana tura ƙarfe gefe ya ɗan taso, yanka kuwa cire ƙarfen yake yi. Haka nan bindigar da aka goge aka sake yi wa launi tana tona kanta ta kusurwoyin bututu da suka zama da'ira da kuma bakin ramukan noti da suka lotsa kamar cokali.

Kwaikwayo kuwa iri-iri ne, kuma ba dukansa ne ha'inci ba. Maƙeran Liège a Beljiyam sun yi ta ƙera irinta tun a zamanin Colt, wasu da izini suna rubuta COLT BREVETE, wasu ba izini, kuma tambarin gwajin garinsu, haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, yana bayyana su. A lokacin yaƙin basasa, 'yan Kudu da ba su da hanyar sayen ta Arewa sun yi nasu, kamar masana'antar Griswold da Gunnison a Georgia, wadda ta fitar da ƙasa da 4,000 masu jikin tagulla kafin sojojin Arewa su ƙona ta a 1864. Waɗannan yanzu sun fi yawancin na Colt tsada, kuma saboda haka ne aka fi yin jabunsu. Colt kansa bai yi wa ƙirar 1851 jikin tagulla ba, don haka wadda ke da jikin tagulla da sunan Colt a bututu ta riga ta faɗi jarrabawa.

Babbar matsalar ta fito ne daga Italiya, ba tare da laifin 'yan Italiya ba. Daga 1959, Aldo Uberti da ke Gardone Val Trompia ya fara ƙera sabbin kwafi don kasuwar Amurka, inda ake shirin cika shekara ɗari da yaƙin basasa, wasu kamfanoni kuma suka biyo baya. Kaya ne na halal, masu ɗauke da sunan maƙeri, da tambarin gwajin Italiya mai haruffan PN, da alamar shekara a cikin ɗan akwati. Mai ha'inci sai ya saye ta, ya kankare waɗannan alamu, ya buga na Colt, ya jiƙa ta da asid ko ya binne ta a ƙasa mai laima. Kuma a tuna cewa kwafin 1960 yanzu ya haura shekara sittin, tsatsarsa ta gaskiya ce. A nan waje ba ya wadatarwa, sai an shiga ciki. Tsagogin da ke cikin bututun Colt na asali suna farawa kusan a miƙe daga baya, murɗawarsu tana ƙaruwa yayin da suke kusantar baki, alhali na mafi yawan kwafi murɗawa ɗaya suke yi daga farko har ƙarshe, kuma ana ganin wannan da ƙaramar tocila. Zaren notunan Italiya kuma a ma'aunin mita yake, ba zai hau ramin notin Colt ba. Sauya waɗannan biyun ya fi ƙarfin ribar mafi yawan masu jabu, shi ya sa nake ba su nauyi fiye da kowane rubutu.

Sai a nan ake zuwa batun wuyar samu. Kimanin 4,200 na farko a jerin Hartford suna da makarin kunama wanda bayansa yake a miƙe mai kusurwa, kafin a koma mai zagaye, kuma su ne mafarkin masu tarawa. Amma ana iya ɗauko makari mai kusurwa a ɗaura wa bindigar baya, kuma kamfanin Colt da kansa, da ya sake fitar da ƙirar a 1971, mai kusurwar ya zaɓa, ya kuma fara lamba daga 4201. Wannan ta Colt ce ta gaskiya, sunan da ke jikinta ba ƙarya ba ne, amma tsakaninta da ta farko akwai shekara 120. Saboda haka kusurwar makari ba ta tabbatar da komai sai lambar da ke jikinsa ta dace da ta sauran sassa, lambar ta faɗo cikin iyakar farko, rubutun bututu ya zama na wannan lokaci, tsufan tagullar kuma ya yi daidai da na ƙarfen da ke maƙwabtaka da ita.

Takarda tana taimakawa idan ta samu. Kamfanin Colt yana da sashen adana tarihi da ke bayar da wasiƙa mai nuna ranar da aka aika bindiga da wanda aka aika wa, sai dai bayanan shekarun farko da yawa babu su, ga kuma gobarar Fabrairun 1864 da ta cinye babban ɓangaren masana'antar Hartford, shekara biyu bayan rasuwar Samuel Colt. Rashin wasiƙa ba ya nufin bindiga jabu ce, samunta kuma yana tabbatar da cewa an taɓa yin bindiga mai wannan lamba ne kawai, ba lalle wadda ke hannunka ba. Labarin gida, irin na cewa wani janar ne ya ba kakanmu, ina sauraronsa da girmamawa, amma ina auna shi yadda malaman hadisi ke auna isnadi: wa ya karɓa daga wa, a wace shekara, kuma ina rasit ko wasiyya ko hoton da ke cike kowane giɓi. Sunan mashahurin mutum, kamar Wild Bill Hickok, ɗan bindigar yammacin Amurka a ƙarni na 19, da aka sani da ɗaukar irin wannan libarba guda biyu, yana iya ninka farashi sau da yawa, don haka rubutun kyauta da aka sassaƙa a bayan mariƙi shi ma sai an duba ko tsufansa ya yi daidai da na wurin da yake kwance.

Sanin shekara yana da nauyi a gaban doka ma. A dokar tarayyar Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan tana cikin kayan tarihi, kuma ƙa'idojinta sun fi sauƙi. Wannan sassauci bai tsallako zuwa Najeriya ba, inda dokar makamai ta sanya libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu cikin jerin haramtattun makamai, har da tsofaffi masu aiki da hular wuta. Wanda ya gaji irin wannan a gida, kafin ya nemi mai saye ko ya ɗora hotonta a intanet, ya fara neman shawarar lauya a kan matsayinta, sannan ya tuntuɓi gidan adana kayan tarihi, inda za a iya duba ta ba tare da an taɓa launinta ba.