Teburan ruwa-ruwa cikin fatar jar akuya

Jiya bayan la'asar na ɗauko littahina na ƙarshe daga wurin baduku, na talatin ke nan cif, na zo na zauna bakin shago ina jujjuya shi a hannu ina shaƙar ƙamshin jimar nan da bai gama hita ba. Wata takwas na yi kan aikin ga. Duk wanda na nuna ma sai ya buɗe ya duba gaba ya duba baya ya ce to ina rubutun, littahin mi ne wanga? Shi ya sa na ce bari in zauna in yi bayani sau guda.

Babu labari ciki, ba na lakol ba ne ba kuma na wa'azi ba. Takardu ne ashirin da huɗu, kowace da hoton teburi guda na masu saida ruwa-ruwa, wato man fetur na kwalba bakin hanya, tun daga cikin garin Maradi har Ɗan Isa, ƙasan hoton sunan wurin da ranar da na ɗauka, shi ke nan. Kwalaben nan jere rana ta bugo su ka ga man ya yi ja-ja kamar zuma, da mazurari, da ɗan ƙyallen tacewa, wani teburin ma ba teburi ba ne katako biyu ne bisa bulo. Ban sa fuskar kowa ba, kun san dalili, tsakaninsu da duwan ba sai na faɗi ba. Irin wanga littahi a waje suna ce mishi littahin mai fasaha, wato littahin kanshi shi ne aikin, takardar da aka zaɓa da girmanta da bangon da yadda hannu ke buɗe shi duk cikin aikin suke, kamar yadda in ka ɗauki ƙwarya mai zane ba ka raba zanen da ƙwaryar.

A intanet na fara cin karo da abin. Wani Ba'amurke mai zane Ed Ruscha, a 1963 ya buga ɗan littahi da hotunan gidajen mai 26 da ke bisa hanyar da yake bi tsakanin Los Anjelis da Oklahoma, kwafi 400 kowane da lambarshi, da kuɗinshi ya buga ya saida su da araha, har babban laburaren ƙasarsu da ke Washinton ya maido mishi da wanda ya aika ya ce ba ya so. Yau masu tara littattafai neman shi suke ruwa a jallo. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne mutumin bai jira wani kamfanin ɗab'i ya ce mishi abin ya isa littahi ba, ya ga gidan mai ya ce wanga ya isa. To mu namu gidajen man ai ga su nan bakin kwalta tun muna yara, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga ruhe iyaka da ya biyo baya a shekarar, sai na lura teburan sun fara ja baya, inda ka san akwai biyar ka tarar da biyu. Abin da ya ciyar da gidaje da yawa a garin nan shina ɓacewa a idonmu kuma babu wanda ya aje ko hotonshi.

Wajen bugawa na sha wuya amma ba zan ja zancen ba. Imprimerin da na fara zuwa suka ce ƙasa da ɗari biyar ba su tada mashin, kuɗin faranti kaɗai ya hi ƙarhina. Na gwada takarda mai sheƙi man ya koma kore-kore, ban so ba. A ƙarshe takarda mai kauri marar sheƙi na samu, irin ta katin biki, na buga da imprimant ɗin shago ɗai-ɗai da dare in kuran ya zauna, wanda kalarshi ta kauce in cire shi. Na san a Turai masu irin aikin ga suna son mashin Riso na Japan, wanda asalinshi don makarantu da ofisoshi aka yi shi, ni dai da abin da ke hannuna na yi.

Bangon ne ya canza min tunani gaba ɗaya. Jar akuyar Maradi kowa ya san ta, ita da ƴar uwarta ta Sakkwato, amma mu nan nono da haihuwar tagwaye muke yabo, fatar kuwa sai dai mu ga an ɗaure an loda a mota. Ɗaruruwan shekaru fatun ƙasar Hausa suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma, Turawa suna saye daga hannun ƴan kasuwar Maroko, shi ya sa suka laƙaba mata sunan Maroko alhali daga nan ta taso. Daga baya masu yi ma littattafai bango a Ingila suka koma kiranta da sunan Neja kai tsaye, kuma sun san ta da ƙwari da daɗewa, jimar bagaruwa ce, jan kuma na karan dahi. Wato a manyan laburaren Ingila da Faransa akwai littattafai sanye da fatar awakinmu, mu kuma nan da takardar buhun siminti muka ruhe kayenmu na lakol. Ranar da na gane haka wallahi raina ya sosu, na ce ko guda talatin ne sai na ga littahin Maradi cikin fatar Maradi.

Sai na tahi wurin wani dattijo baduku da babana ke kai ma aiki tun da can, takalma yake yi da kube da layu. Na nuna mishi hotunan littattafan Turawa a salula, ɗinkakku da gindi mai tudu-tudu, na ce Baba irin wanga nike so. Ya daɗe shina kallo sannan ya ce, ɗana mi ya kai ka nesa haka, kakanka ba shi da Alƙur'ani rubutun hannu? Na ce akwai, shina wurin baffana. Ya ce je ka duba yadda aka yi shi ka dawo.

Na yi alwala na je baffa ya hiddo min shi daga gafaka. Na sha ganin shi tun ina yaro amma ban taɓa kallon shi da idon mai sana'a ba sai ranar. Ba a ɗinke yake ba ko kaɗan, warƙa-warƙa ne, a ƙasan warƙa an rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita don kada su rikice, an haɗa su tsakanin tadarishi, wato bangon fata da ake ruhe warƙoƙin da shi, an naɗe da igiyar fata. Baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasulla, ɗigon rawaya ga hamza, ga zayyana a gehe wurin hizbi da sujada kowace da fasalinta, babu biyu da suka zama ɗaya sak. Da na ɗaga warƙa guda ga haske sai ga jinjirin wata uku jere cikin jikin takardar, alamar masu yin takarda na Italiya ce, irin wadda ke zuwa ta Tarabulus. Mutum ɗaya ya zauna da alƙalamin kara ya rubuta, wani ya jeme fata, wani ya yi tadarishi, kwafi guda tak a duniya. Ba ina haɗa hotunan kwalabe da littahin Allah ba ne, a'uzubillahi, sana'ar hannun nike magana, cewa ilimin yin littahi da hannu muna da shi a gida tun kahin a kawo mashin, kuma masu shi suna nan da ransu a kasuwa suna ɗinkin takalma don babu mai kawo musu wancan aikin.

Da na koma muka shirya da Baba takardun za su zauna warƙa-warƙa babu ɗinki, kwali biyu sanye da jar fata da igiya. Shi ya kafa sharaɗi, kuma ya yi gaskiya: ba za a yi mishi gafaka ba, ba zai buga mishi adon da ake ma tadarishin Alƙur'ani ba, kuma a yi shi a kwance mai faɗi yadda ko daga nesa ba wanda zai ɗauke shi da abin da ba shi ba. Fatar da kanshi ya zaɓo wurin majema, shina murza ta shina ƙin wadda aka shanya a ƙasa rana ta ƙone, shina ƙin mai tabon ƙaya da yawa, amma ƙaramin tabo ya ce a bar shi akuya ce ta yi kiwo. Ya fefe bakin da wuƙa har ya yi laushi kamar ƙyalle. Guda biyu yake gamawa a sati in babu aikin Salla. A warƙar ƙarshe na sa lamba da hannu, 1/30 har 30/30, na sa hannu, shi ma na roƙe shi ya sa alamarshi.

Maganar tarawa kuma. A Johannasbag akwai wani Jack Ginsberg da ya yi shekaru shina tara irin waɗanga littattafai, sama da 3000, ya ba gidan adana fasaha na jami'ar Wits, tun 2019 mutane ke zuwa dubawa. A Niyok akwai shago Printed Matter tun 1976 sana'arsu ke nan. Mu nan abokan gabanmu gara ce da ɗanshin damina da ɓera, da kuma ranar rabon gado da ake kwashe takardun mamaci a ba mai ƙosai. Ni tarina bai wuce adaka biyu ba, littattafan soyayya na Kano na da masu bangon zanen hannu, waɗanda marubutan da kansu suka biya aka buga, da ƴan waƙoƙin ajami da ake shimfiɗawa ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ganyen bedi busasshe nike zubawa ciki, adakar bisa bulo ba ta taɓa bango, duk bayan damina in hiddo su su sha iska a inuwa.

Wani daga waje ya gani a WhatsApp ya ce shina son goma, kuɗin da ya faɗi zai maida min abin da na kashe har da riba. Biyar na yarda. Fatar ga ta daɗe tana hita, ina son sauran su zauna inda mutanen da suka san teburan za su iya taɓa su, ko da sai an biya ni kaɗan-kaɗan.

Lamba ɗaya na kai ma mai teburin da ke warƙar farko, yanzu cajin salula yake yi a wurin. Ya goge hannu a riga ya kwance igiyar ya baza takardun bisa benci, kahin in ce komi ya fara kiran masu su, wanga na wane ne na gane mazurarin, wanga ya koma Katsina, wanga Allah ya jiƙan shi bara ya rasu. Ƴan kabu-kabu suka taru kanmu. Ni bisa tsarin hanya na jera su, shi kuwa sai ya shiga ɗauke wannan shina sa wancan gaba, ya ce a'a Malam, wanda ya riga wani fara sana'a shi ke gaba. Haka ya jera su ashirin da huɗun, ya ɗaure igiyar ya sa cikin akwatin da yake aje cajojin mutane.