Billy da Charley, ƴan bola jarin da suka wanke masana a Landan

Tun jiya nake dariya ni kaɗai kan labarin wasu mutum biyu, William Smith da Charles Eaton, waɗanda aka fi sani da Billy da Charley. Asalinsu ƴan bola jari ne a Landan, idan ruwan kogin Thames ya janye sai su shiga taɓo suna tono, abin da suka tsinta na da can su kai wa dillalin kayan tarihi mai suna William Edwards. To a 1857 sai suka ga wai me zai sa mutum ya yi ta wahala cikin laka alhali zai iya ƙera abin da kansa.

Suka samu hodar POP, irin wadda ake mana silin da ita yanzu, suka yi mazubi, suna narka dalma suna zubawa. Lambobin wuya, ƴan gumaka, sarakuna da kambi, mayaƙa cikin sulke. In ya huce su jiƙa shi da asid ya ci jikinsa, su shafe shi da taɓon kogi, shikenan ya tsufa. Da aka tambaye su ina suke samowa suka ce a Shadwell, inda ake haƙar tashar jirgin ruwa a lokacin. Wani dillali George Eastwood shi kaɗai ya kwashi guda 1,100.

Abin da ya fi kashe ni shi ne mutanen nan ko bihim ba su iya karantawa ba. Rubutun da ke jikin kayan shirme ne zalla, haruffa ne kawai a jere ba Latin ba Turanci. Sannan suna buga shekara kamar ta ƙarni na 11 da waɗannan lambobin namu na 1, 2, 3, alhali a wancan zamanin Ingila lambobin Rumawa take amfani da su, sai bayan ɗaruruwan shekaru waɗannan suka zama ruwan dare. Kamar ka ga takobin da aka ce na zamanin Bayajidda ne amma da lambar waya a jiki.

Amma fa wannan jahilcin shi ya rufa musu asiri. A 1858 wani masani mai suna Henry Syer Cuming ya tashi a taron masu binciken kayan tarihi ya ce wannan duk jabu ne, mujallar Athenaeum ta buga, kasuwar Eastwood ta faɗi, ya maka mujallar a kotu a Guildford kan ɓata suna. Alƙali ya ce ai ba a ambaci sunanka ba, babu ƙara. Sai dai a zaman kotun babban masani Charles Roach Smith ya tsaya kai da fata cewa kayan na gaske ne, kuma tunaninsa shi ne mai yin jabu kwaikwayon abin da aka sani yake, ba zai ɓata lokaci ya ƙirƙiro shirme irin wannan ba. Daga baya ma har ya ce ƙila zamanin Sarauniya Mary aka shigo da su, ƙarni na 16. Kai jama'a, ilimi ma wani lokacin shi ke ɗaure mutum. Ni dai ina ganin girman kai ne, ya riga ya furta, janyewa ta yi masa nauyi.

Wanda ya tona su wani mai binciken kayan tarihi ne, Charles Reed, kuma ba da wani dogon nazari ba. Reed ya ba wani mai tono a magudanar ƙazanta kuɗi, mutumin ya faɗa ɗakin aikinsu ya sato mazuban, Reed ya baje su gaban masana a 1861. Ka zata sun daina? Ina! Sai ma suka koma gaurayen tagulla da dalma, hannunsu ya ƙara faɗawa, suka ci gaba da sayarwa. Ana ƙiyasin sun ƙera tsakanin 5,000 zuwa 10,000. Tarin fuka ne ya kashe Charley a 1870.

Yanzu wasu daga cikin kayan nasu suna gidan tarihi na British Museum a ajiye, masu tara kayan da kuma suna sayensu da saninsu cewa jabu ne, suna ma alfahari wai nasu ainihin na Billy da Charley ne.