Allo ya yi baƙi bayan na kashe CSM: inda haɗin kwamfutata ya kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon haɗa kwamfuta. Ga bayanin inda na kwana da injin da nake haɗawa a ɗakina da ke Agege. Kayan cikinsa su ne firosesa Ryzen 5 3600, madabod mai B450, RAM sanda biyu na DDR4 mai gudun 3200, SSD ɗaya, sai wani tsohon katin hoto na wajajen 2012 da na tsinto cikin kayan tokumbo a kasuwar Computer Village ta Ikeja. Windows 10 na tafiya a kai lafiya lau. To amma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina aiko mata da gyaran tsaro na kyauta da aka saba, ita kuma Windows 11 ba ta hawa sai da TPM 2.0 (sashen tsaro mai adana mabuɗan sirri) da UEFI (sabon tsarin tada inji da ya gaji tsohon BIOS) da injin da zai iya ɗaukar Secure Boot (tsaron da ke hana injin tashi da manhajar da ba a amince da ita ba). Abin da ya kai ni cikin BIOS, wato shafin saitin madabod, ke nan.

Maigidan da nake koyo a shagonsa yana da ƙa'ida: saiti ɗaya za ka taɓa, ka rubuta shi a takarda, ka adana, ka sake kunnawa, sannan ka taɓa na gaba. Da ita na yi aiki. Na fara da XMP, wanda ke ɗaga RAM daga gudun 2133 da wutar 1.2 zuwa 3200 da wutar 1.35. Injin ya mutu ya tashi da kansa, fanka na juyawa, allo ba komai na ɗan lokaci, sannan ya kawo. Kada wannan ya tsorata ku, madabod ne ke gwada RAM ɗin har su daidaita. Da yawa a nan suke zare waya cikin gaggawa alhali haƙurin minti biyu kawai ake nema. Daga nan na kunna fTPM, wato TPM ɗin da ke cikin firosesar AMD. Masu Intel za su gan shi da sunan PTT. Shi ma ya wuce lafiya.

Na uku shi ne CSM, saitin da ke barin tsofaffin kaya su yi aiki, wanda sai an kashe shi Secure Boot ke aiki. Ina kashe shi na danna F10 don adanawa, sai duhu.

A nan nake so mu tsaya, domin idan mutum ya ce kwamfutarsa ta ƙi tashi bai faɗi cutar ba tukuna. Akwai wadda ko fanka ba ta juyawa, wannan maganar wuta ce ko maɓallin gaba. Akwai wadda komai na juyawa amma allo baƙi. Akwai kuma wadda ke nuna tambarin madabod sannan ta rasa inda Windows yake. Kowace da maganinta daban. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Suna kunnuwa bi da bi yayin da injin ke duba kansa, wadda ta tsaya a kunne ita ce ta nuna inda ya cije. Tawa a kan VGA ta tsaya. Ke nan firosesa da RAM sun wuce jarrabawa, hoto ne ya gagara.

Dalilin kuwa mai sauƙin fahimta ne. CSM kamar tafinta yake tsakanin sabon tsarin UEFI da tsofaffin kayan da tsohon BIOS kaɗai suka sani. Katin hoto na zamani yana ɗauke da wani ɗan direba a jikinsa mai suna GOP, da shi yake nuna hoto kafin Windows ya hau. Katuna da dama na wancan zamanin ba su da shi. Wasu madabod idan sun lura da haka sukan mayar da CSM da kansu, wasu kuwa sai su bar ka cikin duhu. Wani ƙanina ya ce mu mayar da wayar HDMI zuwa ramin madabod. Ba zai yi ba, domin Ryzen 5 3600 ba shi da sashen hoto a cikinsa. Da 5600G ne da an samu mafita ta nan.

Sai goge CMOS, wato ma'ajiyar saitin BIOS, don komai ya koma na asali. Na kashe maɓallin bayan akwatin wuta, na zare waya daga soket, na danne maɓallin kunnawa don ragowar wutar ta fice. Na nemo ƙusoshi biyu da aka rubuta CLR_CMOS kusa da su (a wasu JBAT1 ne, a wasu CLRTC), na haɗa su da bakin sukundireba na kimanin daƙiƙa 10. Wanda bai ga ƙusoshin ba sai ya ciro batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya bar shi a waje na 'yan mintuna. Tunda yana hannunku, ku auna shi da mita: bolt 3 ya kamata ya bayar. Madabod na tokumbo ya kan zo da batirin da ya gaji, shi ne ke sa agogo na komawa baya kuma saiti na gogewa duk sanda aka ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a Legas. Ku kuma duba ƙusoshin, danshin garin nan yana sa su tsatsa har su ƙi haɗuwa da kyau.

Hoto ya dawo, CSM ya koma a kunne, Windows 10 ta hau. Amma ku tuna gogewar ta tafi da komai, har XMP da tsarin faifan da za a fara tashi da shi. Takardar da na rubuta ce ta mayar da ni kan hanya.

Maigida ya ara mini sabon kati don gwaji. Da shi na sake kashe CSM, hoto ya fito tas, sai dai injin ya riƙa jefa ni cikin BIOS, SSD ɗin kuma ya ɓace daga jerin abubuwan tashi. Ba lalacewa ya yi ba. An sa Windows ɗin ne a tsohon tsari, faifan na kan MBR, tsohon salon raba faifai, shi kuwa UEFI zalla sabon salon mai suna GPT yake so. Da na mayar da CSM na buga msinfo32, umarnin da ke buɗe bayanan injin a Windows, layin BIOS Mode ya nuna Legacy, wato tsohon tsari. Ina roƙonku ku duba wannan layin tun kafin ku taɓa komai, domin a nan ne ake yaudarar mutane a ce faifansu ya ƙone, su sayi sabo ko su goge aikin shekaru.

Windows 10 na da manhajar gyaran wannan a cikinta tun daga fitowar 1703. Na kwafe muhimman fayilolina zuwa filashi, na buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, na buga mbr2gpt /validate /allowFullOS. Da ta amince, na sauya validate da convert, faifan ya koma GPT, sannan na sake kashe CSM. Idan faifanku ya haura manyan ɓangarori uku za ta ƙi. Kuma kada ku fara wannan aikin, balle sabunta BIOS, sai kuna kan inbata ko UPS mai ƙarfi. Janareta mai tangal-tangal ba abin dogaro ba ne. Masu BitLocker, makullin faifai na Windows, su rubuta mabuɗin ceto mai lamba 48 su ajiye, domin taɓa TPM ko Secure Boot na iya sa a tambaye su shi.

Yanzu msinfo32 na nuna UEFI, tpm.msc na nuna TPM 2.0, Secure Boot ya kunnu bayan na ɗora mabuɗansa na asali. Katin aro zai koma wurin mai shi ranar Asabar, don haka ina neman nawa mai GOP, na hannu, wanda mai shago zai yarda a gwada shi a gabana da CSM a kashe. XMP kuma zan bar shi ya kwana ana gwada RAM kafin in amince da 3200 ɗin. Wanda ya san shagon da ke barin a yi irin wannan gwajin a titin Otigba na Computer Village ko kasuwar Alaba, don Allah ya yi mini kwatance.