Makullin ruwan da nake sa wa gida, da wanda ba na taɓawa

A aikin famfo da nake yi a gidajen Maradi, makulli biyu ne ba na yarda a yi musu rowa: na bayan mitar ruwa, da na ƙarƙashin tanki. In ɗayansu ya ƙi rufuwa ranar da tiyo ya fashe, sai gida ya zama tafki ana kallo.

A waɗannan wurare makulli mai ƙwallo nake sawa, wato mai ƙwallo mai rami a cikinsa da ke buɗe wa ruwa hanya ko ya tare ta, wanda hannunsa ke rufewa da juyi ɗaya zuwa gefe. Mai murɗawa kamar sitiyari na daina sa shi a babban layi. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, yakan zo da yashi, musamman bayan an ɗauke ruwa an dawo da shi. Yashin nan yana taruwa a ramin da ƙofar makullin ke sauka, sai ka murɗa har ƙarshe ruwa na ci gaba da tsiyaya. Mutum ya ƙara ƙarfi, sandar ciki ta karye.

A kasuwa ido ba ya isa, domin duk ƙyalli ɗaya suke yi. Nakan ɗauki biyu masu awo ɗaya in auna a tafin hannu: na tagulla ya fi nauyi. Sannan in roƙi mai shago in ɗan kankare bakinsa. In ciki ya fito rawaya, tagulla ce. In ya fito fari-fari kamar toka, gaurayen tutiya ne aka yi wa shafe, kuma irinsa ne ke tsagewa a wajen zare, wato haƙoran da ake murɗa shi a kan tiyo, bayan ƴan watanni, wani lokaci ma tun ana ɗaurawa. Ina yawo da ɗan maganaɗisu. In na rufe makullin na zura shi ya manne wa ƙwallon, na san ƙarfe ne, tsatsa za ta cinye shi. Masu kyau sukan zo da rubutu a jiki, kamar CW617N (lambar irin tagullar) da PN25 (ƙarfin ruwan da yake iya ɗauka), amma ana buga wa jabu ma, don haka rubutu ba ya hana ni kankarewa.

Awo kuma a kula. Kayanmu wasu ta Kano da Katsina suke shigowa da lissafin inci, wasu da lambar Faransa. Rabin inci shi ne 15/21, uku bisa huɗu 20/27, inci ɗaya 26/34. Ƙarƙashin tanki ba na sa ƙasa da 20/27, kuma sai na leƙa ramin ƙwallon na ga ya kai faɗin tiyo. Dalili: kowace mita ɗaya ta tsayin tanki kusan bar 0.1 take bayarwa (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), tankin da ke mita 5 rabin bar ke nan. Ka ƙara matse hanyar da ƙaramin rami, shawa ta koma ɗigo.

Makulli da yawa wajen ɗauri suke mutuwa. Ina naɗa farin tef na Teflon zagaye 10 zuwa 15, ta ɓangaren da zare ke shiga. In ɗaura da hannu tukuna, sannan in ƙara juyi ɗaya ko biyu da sifana, ina riƙe gefen da ke kusa da tiyo. Wanda ya kama ɗaya gefen yana murɗa jikin makullin ne, mahaɗinsa ya buɗe. Kusa da shi ina sa mahaɗi mai kwancewa, don ranar canji ba sai an yanka tiyo ba. Bayan mitar ruwa kuma ina jera matacin yashi da makullin hana ruwa komawa baya, kibiyar jikinsu na kallon gida.

Na roba yana da amfaninsa a cikin ɗaki ko lambu mai inuwa. A bainar rana dai, zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana busar da hannunsa har ya ɓalle.

Masu gida ina faɗa musu kada a bar mai ƙwallo rabi a buɗe don rage ruwa, domin yashi zai zaizaye robar da ƙwallon ke zaune a kai. A rufe shi a hankali, kada tiyo ya buga. Sau ɗaya a wata a rufe a buɗe don kada ya ƙage. In ruwa ya fara tsatsafowa ta gindin hannu, yawanci akwai ƙaramin noti a ƙarƙashinsa, a ɗan matse shi kaɗan kafin a ce za a sayi sabo.